Sawu a Ramin Sansani

Washegarin wata ranar kasuwa, da hantsi, labari ya cika ƙauyen Tudun Sansani cewa an sace ƙasusuwan da masu binciken tarihi suka tono. Kafin rana ta take, mata sun hana yara fita ƙofar gida, maza kuma sun bar gonakinsu sun yi cincirindo a bakin filin.

Tudun Sansani yana can tsakanin Durun da Gude, kuma ya samo sunansa ne daga wani fili da ke gabas da gari. Fili ne mai kusurwa huɗu, kewaye da ganuwar ƙasa wadda ta zaizaye har akuya na iya tsallake ta, ga kuma gwalalo, wato ramin da ya zagaye ta, ciyawa ta cike shi. Tsofaffi sun ce wata runduna ce ta yada zango a nan a zamanin yaƙe-yaƙe, ta yi 'yan kwanaki ta ƙara gaba. Ba mai noma a ciki. Can gefensa akwai kufan tsohon gari, da karofin da ya mutu tun ba a haifi kakanninmu ba, da wata tsohuwar kuka.

Da damina ta fara ja baya, wata malamar jami'a, Dakta Badi'a, ta zo da ɗalibanta. Ta zauna a zauren Dagaci Salisu ta yi wa dattawa bayani dalla-dalla. Ta ce Rumawan zamanin da ma haka suke yi: idan runduna ta yi tafiyar yini, sai ta haƙa rami ta kewaye kanta, ta tara ƙasar ta zama ganuwa, ta kwana, da safe ta tashi ta bar wurin. Ta ce ta taka irin waɗannan sansanoni a ƙasar Turai, amma ba ta taɓa zaton za ta ga ɗan'uwansu a bayan gidan su Dagaci ba. Maganar ta yi wa mutane daɗi ƙwarai. Har a teburin mai shayi sai ka ji ana cewa ashe filin da muke ɗaure jakuna yana da dangi a Rum.

An tono kawunan kibau, da linzami, da fasassun tukwane, kowa yana zuwa kallo yana murna. Sai ran nan, a gwalalon arewa, aka tarar da ƙasusuwan mutum a kwance rubda ciki, da mari na ƙarfe a ƙafafu. Dakta Badi'a ta ce mace ce. Ta sa aka rufe ramin da tamfol, aka tsare ƙofar filin da ƙaya, aka ba wani magidanci mai suna Hadi gadi kafin a zo daga Kano a ɗauka. Waɗannan ƙasusuwa ne suka ɓace, har da marin.

Ba wanda ya yi shakkar aikin matsafa ne. Abin da ya rage kawai a san wane ne a cikin gari yake yi musu aiki. Dagaci ya aika a kira Ja'afar.

Ja'afar manomi ne kamar kowa, amma bin sawu ne ya fitar da sunansa. Daga Gwarzo har Masanawa, wanda aka sace wa akuya ko aka fasa wa rumbu, ƙofar gidansa yake fara zuwa. Mutum ne marar yawan magana, sai dai yana da wani rauni da shi kansa bai cika lura da shi ba: yana son ya ga taro ya yi shiru yana jiran abin da zai faɗa.

Ranar ma haka aka yi. Aka dare masa hanya, ya tuɓe hula ya soka a aljihu, ya zagaya ramin a sunkuye. Ƙasa tana da danshi, don an yi yayyafi shekaranjiya, amma kofaton shanu ya dagargaza ko'ina. An janye tamfol ɗin an yar a gefen rami na yamma. A tsakanin kofatan ya ga sawun takalmin roba ya zo har bakin rami, ya tsaya, ya juya. Ya ga kuma sawun wata saniya mai karkataccen kofaton baya, wadda ya daɗe da sani.

Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Duk idanu suna kansa.

"Shanun Sajo ne," in ji shi. "Takalmin ma nasa ne."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Amma taron bai tsaya jin ko akwai saura ba, shi ma bai ce akwai ba.

Sajo yana zaune a bayan gari, shi da matarsa Yelwa da 'ya'yansu. Kakansa ne ya sauka a nan da shanu, ya karɓi gona, ya gina ɗaki. A nan aka haifi Sajo, a nan ya yi karatun allo, amma duk ranar da wani abu ya ɓace sai a tuna daga inda kakansa ya zo. 'Yan sintiri suka same shi yana ba maruƙa dusa. Suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar shanunsa, suka ratso da shi ta tsakiyar gari ba hula, 'ya'yansa suna biye suna kuka. Idonsa na ƙasa har aka kulle shi a ɗakin da ke zauren Dagaci. Aka tsayar da cewa jibi da safe za a miƙa shi ga 'yan sanda idan bai fito da kayan ba.

Mutane suka riƙa miƙa wa Ja'afar hannu suna sa masa albarka. Ya karɓi gaisuwar, amma da aka wuce da Sajo ta gabansa sai ya tsinci kansa yana duban wani wuri daban.

*

Da la'asar Dakta Badi'a ta same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Bayan sun gaisa, ta tambayi iyali da gona, sai ta ce wani abu yana damunta. Ta shiga ramin da kanta ta tankaɗe ƙasar, ba ta sami ko da ƙashin yatsa ɗaya ba. Ta ce ƙasusuwan hannu da na ƙafa ƙanana ne kamar tsakuwa, ɗalibanta ma sai sun wuni kafin su tattara su. Ɓarawon da ke sauri ƙoƙon kai kawai zai ɗauka ya gudu.

"Malam Ja'afar, wanda ya yi wannan aikin bai yi gaggawa ba," ta ce. "Kuma ga akwatin kayan aikinmu a ajiye, bai ko buɗe shi ba."

Ja'afar ya ce zai sake dubawa. Kunya ta kama shi, domin tambayar da ya kamata ya yi wa kansa ce tun da safe.

Ya fara da Hadi mai gadi. Dama ana ta raɗe-raɗin an gan shi da buhun ƙarafa a kan keke, kuma kowa ya san yana hulɗa da masu sayen tsohon ƙarfe. Hadi ya jawo buhun daga ƙarƙashin gado ya zazzage: ruɓaɓɓiyar galma ce, da sarƙar keke, da murfin tukunya. Da Ja'afar ya matsa masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai bai saci komai ba, amma bai yi gadi ba. Bayan azahar ya ga gari ya watse kowa ya tafi kasuwa, Dakta da ɗalibanta sun tafi Gwarzo sayen kayan abinci, sai ya ja ƙaya ya toshe ƙofa ya bi abokansa gidan kallon ƙwallo. Da ya dawo gab da magariba ya tarar da ƙofa a buɗe, rami fayau. Tsoro ya hana shi faɗa sai da gari ya waye. Ya yi ta rantsuwa cewa ya toshe ƙofar da hannunsa, har ya nuna inda ƙaya ta soke shi.

Washegari da sassafe Ja'afar ya nufi gidan Sajo. Tafiyar ba ta da nisa, amma ta yi masa tsawo. Ya yi sallama, yana fatan a ƙi amsawa. Yelwa ta amsa, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta dama fura da nono ta ajiye a gabansa, ta koma nesa ta zauna ta ba shi gefe. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya kasa taɓa ƙwaryar.

Ta ce shanun suna dawowa daga kiwo ne da yamma suka tarar da ƙofar filin a buɗe, suka kutsa saboda ciyawar ciki. Maigidanta ya bi su ya koro su. Ya leƙa ramin, ya ga ba komai, ya ɗauka masu aikin ne suka kwashe kayansu. Ja'afar ya tambaye ta ko ya faɗi wani abu da ya dawo. Ta ce ya faɗi abu ɗaya: wai wurin yana ƙanshin turare, irin wanda ake ji a gidan da aka yi rasuwa.

Da zai tafi ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, tun jiya bai ci abinci ba. An kai masa, ya ce ba zai ci a gaban masu leƙensa ta taga ba."

*

Ba kowa a sansanin da ya koma. Ya tsaya a bakin ramin ya daɗe, sai idonsa ya faɗa kan tamfol ɗin da ke yashe a gefen yamma. Jiya ya zagaye shi, jama'a ma sun zagaye shi, shanun ma da alama sun kauce masa saboda ƙarar da yake yi. Idan wanda ya buɗe ramin shi ya jefar da shi can, to ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita kaɗai ce ba a taka ba tun lokacin.

Ya kama gefe ɗaya ya ɗaga a hankali.

Da farko ya ga shatin takalma biyu, an jera su kusa da juna kamar yadda ake yi a ƙofar masallaci. Gefensu ƙasa ta lotsa inda aka zuba ruwa, da da'irar gindin buta. Daga nan sai sawun ƙafa ba takalmi, ya nufi ramin. Mutumin ya tuɓe takalmi, ya yi alwala, ya kwashe takalman da butar, sannan ya ja tamfol ɗin baya ya rufe inda ya tsaya, ya sauka.

Ja'afar ya durƙusa. Ƙafar dattijo ce, mai faɗi, dunduniya duk faso. A ƙafar dama babban yatsa ya hau kan na kusa da shi, ƙaramin yatsan kuma babu shi, sai ɗan dungu.

Bai buƙaci ya auna ba. Tun ranar da aka kai gaisuwar neman auren matarsa Uwaliya, shekaru masu yawa da suka wuce, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar mahaifinta ba. Duk sanda ya je gaishe shi, daga nesa yake tuɓe takalmi ya tsuguna, idonsa a ƙasa. Da za a ce ya siffanta hancin surukinsa sai ya yi tunani, amma ƙafafunsa ya san su fiye da nasa. Malam Jibirin ne, na'ibin limamin gari, mai yi wa mamatan Tudun Sansani wanka da sallah, wanda ake cewa kakanninsa malamai ne da suka zo daga Katsina da littattafai a kan jaki.

Ya saki tamfol ɗin ya zauna a ƙasa. Ya ji kamar ya buɗe ƙofar banɗaki ya tarar da babba a ciki. Da farko zuciyarsa ta ce ya ja tamfol ɗin a kan sawun sau biyu, shi ke nan, ba mai sake gani. Ya kama gefen har ya fara ja. Sai ya tuna ƙwaryar furar da ya bari a kan tabarma, ya saki.

A wajen ganuwa, inda shanu ba su bi ba, ya sake tsintar sawun. Ya shiga gonar dawa wadda ta fi tsayin mutum, har yanzu ba takalmi, takun gajere, na mai ɗauke da abu a hannu biyu yana lallaɓawa. Ya bi shi ya wuce karofi, ya ratsa kufai, har gindin tsohuwar kuka. A nan ya ga kabari sabo, ɗan madaidaici, an daidaita shi da alƙibla, an yayyafa masa ruwa an shafe da hannu, an ɗora ƙaya don kada dabba ta tona. A kogon kukar ya sami marin, an fasa shi gida biyu.

Ja'afar ya yi wa mai kabarin addu'a. Ya rasa dalilin da ya sa hawaye suka zubo masa, tunda bai san ta ba.

*

A gida ya kasa cin tuwo. Uwaliya ta tambaye shi ko jikinsa ne, ya ce gajiya ce. Ta ce ita dai tausayin Yelwa take ji, don tare suke zuwa awo asibiti lokacin cikin autarsu. Ya tashi ya fita.

Bayan la'asar ya je zauren surukinsa. Ya tuɓe takalmi daga waje, ya tsuguna a bakin ƙofa. Suka gaisa, aka tambayi gida da yara da ruwa da amfanin gona, aka sake maimaitawa. Malam Jibirin yana zaune a kan buzu da carbi, ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafafunsa, abin da bai saba yi ba.

Duk maganar da Ja'afar ya shirya a hanya ta gudu. Da ƙyar ya iya cewa, "Baba, gobe da safe za a miƙa Sajo."

Carbin ya tsaya. Can sai dattijon ya ce ya ji. Kaji suka shigo zauren suka fita. Ja'afar ya ce ya je gindin kuka yau. Sai Malam Jibirin ya ce Allah ya yi masa albarka, ya gaida yara. Sallama ce, Ja'afar ya tashi.

*

Da safe ƙofar gidan Dagaci ta cika. An fito da Sajo an zaunar da shi a ƙasa, ya rame a kwana biyun nan kamar wanda ya yi jinya. An kira Hadi ya tsuguna gefe. Dakta Badi'a tana kan benci, Yelwa tana can bayan mata ta lulluɓe fuska. Dattawa suna kan tabarma a dama da Dagaci, Malam Jibirin a cikinsu. Motar da za ta kai Sajo tana tsaye a bakin hanya.

Dagaci ya ce Ja'afar ya maimaita abin da ya gani, don a tafi da shaidarsa.

Ja'afar ya ce abin da ya faɗa shekaranjiya rabin magana ne, kuma shi ya jawo aka wulaƙanta mutumin da bai ji ba bai gani ba. Shanun Sajo sun shiga ne bayan an riga an kwashe ƙasusuwan. Hadi ya bar gadi, amma ba shi ya ɗauka ba. Sannan ya ba da labarin abin da ke ƙarƙashin tamfol, da alwalar, da hanyar cikin dawa, da kabarin. Ya ciro marin daga cikin buhu ya ajiye a gaban Dagaci. Ya ce wanda ya yi wannan ba matsafi ba ne, mutum ne da ya san yadda ake suturta mamaci.

Ya tsaya a nan, ya ba mai sawun lokaci ya fito da kansa. Bai dubi tabarmar dattawa ba, amma duk jikinsa yana sauraron ta. Ba wanda ya motsa.

Sai gunaguni ya tashi. Shugaban 'yan sintiri ya ce wannan duk zance ne: Sajo ma Musulmi ne, ya iya alwala, wa ya sani ko tsoro ne ya sa ya binne. Wani ya ce ko dai an kai wa mai bin sawu ɗan maraƙi ne cikin dare. Dagaci ya ɗaga hannu, ya ce shi ba zai saki wanda ke hannu a kan sawun da ba shi da mai shi ba. Idan Ja'afar ya san ƙafar, ya faɗa; idan bai sani ba, a tafi da Sajo hukuma ta bincika.

Aka kama Sajo aka miƙar da shi tsaye. Daga bayan mata aka ji wata yarinya ta fashe da kuka.

Ja'afar ya matso gaba. A duk tsawon aurensa bai taɓa furta wannan suna ba, ko a bayan ido. Ko wani mai irin sunan ya gamu da shi, sai dai ya ce masa mai sunan Baba. Ya tsuguna, ya fuskanci tabarmar dattawa, idonsa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sawun Malam Jibirin ne."

Wani dattijo ya fara salati a hankali. Wasu suka dubi Ja'afar da irin kallon da ake yi wa wanda ya tuɓe a kasuwa.

Malam Jibirin ya dafa sandarsa ya miƙe. Ya ce a saki Sajo, Ja'afar ya faɗi gaskiya. Muryarsa ba ta rawa, amma bai ɗaga kai ba.

Ya ce labarin malaman Katsina da jakin littattafai ba haka yake ba. Lokacin da rundunar nan ta tashi daga sansani, tana tafe da mutanen da ta kamo. A cikinsu akwai wata mace mai goyo da ciwo ya kayar, ba ta iya tafiya. Suka bar ta da marinta. Wani malami na tsohon gari, wanda Allah bai ba haihuwa ba, ya ji kukan jariri ya je ya ɗauke shi. Uwar kuwa aka bar ta a wurin har ta cika, aka tura ta gwalalon arewa aka zuba ƙasa, ba wanka ba sallah. Jaririn shi ne kakansa. Malamin ya rene shi a matsayin ɗansa, ya bar garin da shi na wasu shekaru, suka dawo da labarin Katsina. A gidansu mutum ɗaya ake gaya wa a kowane zamani, shi ma sai uban yana kan gargara.

"Na wanke gawar mutanen garin nan ba adadi," in ji shi. "Sai ga tawa uwar a kwance rubda ciki, yara suna leƙenta, an manna mata lamba za a kai ta Kano a sa a gilashi. Na kasa. Na kuma kasa zuwa in ce tawa ce."

Ya juya wajen Sajo. Ya ce binnewar bai yi nadamarta ba, amma ya kwana biyu yana jin an kulle bawan Allah saboda shi, ya yi ta ce wa kansa za a sake shi tunda ba a same shi da komai ba. Ya ja sallah a gaban jama'a da wannan a cikinsa. Ya ce wannan kam ba shi da bakin da zai kare kansa.

Ba wanda ya iya duban wani. A cikin masu zaune a wurin akwai waɗanda suka sha fasa auren 'ya'yansu saboda an ce wane jinin bayi ne, akwai kuma masu alfaharin cewa kakansu yana cikin mayaƙan da suka kwana a sansanin. Dakta Badi'a ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ita ta manna lambar, kuma ta tambayi dattawa labarin ganuwa da na dawakai, amma ba ta tambaya ko matar tana da kowa ba. Ta ce ba za ta iya tabbatar da cewa ita ce kakar tasa ba. Malam Jibirin ya ce ko ba ita ba ce, uwar wani ce. Dakta ta ce za ta gaya wa na Kano a bar kabarin yadda yake. Marin kawai take roƙo, idan ya yarda. Ya ce ta ɗauka, ya gaji da shi.

Dagaci da kansa ya kwance igiyar hannun Sajo, ya cire hularsa ya miƙa masa. Sajo bai karɓa ba. Ya ratsa taron ya tafi, iyalinsa suka bi bayansa.

*

Malam Jibirin bai ƙara shiga gaban sahu ba. Ba wanda ya hana shi, shi ya koma sahun baya kusa da takalma. Wasu suka rage zuwa zaurensa, wasu kuma da ba su saba zuwa ba suka fara.

Ja'afar ya je gidan Sajo sau uku kafin ya same shi. Ya ba shi haƙuri, Sajo ya ce ya yafe, Allah ma muna yi masa laifi. Amma ya ce ba zai iya bin hanyar da aka ratsa da shi a ɗaure ba, kullum, yana gaisawa da waɗanda suka tsaya kallo. Da aka gama girbi ya ba da aron gonarsa, ya kora shanunsa zuwa wajen ɗan'uwansa a Gude. Tun daga lokacin, idan aka kira Ja'afar bin sawu, ba ya magana a gaban taro. Sai ya ja mai kayan gefe, bayan ya kwana da abin.

Uwaliya ta yi kwanaki ba ta ce masa komai a kan maganar ba. Tana dafa abinci, tana ajiye masa, tana komawa ɗaki. Bai san ko fushin tona mahaifinta take yi ba, ko kuwa nauyin abin da ta ji game da kanta ne, kuma bai iya tambaya ba. Ran nan da safe ta sa mayafi ta ce ya raka ta gindin kuka.

Suka tarar da mahaifinta a can, yana gyara ƙayar da iska ta ture. Ja'afar ya tsaya nesa ya tsuguna. Uwaliya ta matsa kaɗan, ta gaishe shi, ta daɗe tana duban ɗan tudun ƙasar. Sannan ta ce tana so ta riƙa sa ta a addu'a, ita da yara.

"Baba, yaya sunanta?"

Dattijon ya ajiye ƙayar da ke hannunsa. Ya ce shi ma ya yi wa mahaifinsa wannan tambayar, mahaifinsa ma ya yi wa nasa.

"Ta kwana uku a sansanin can da ranta," in ji shi. "Mutanen gari suna wucewa. Ba wanda ya tambaye ta."